Motata Ba Ta Son Cunkoso

Shekara ashirin da biyu ina koyar da kimiyya a sakandare, kuma darasin da na fi taƙama da shi shi ne yadda zafi ke ratsa abubuwa. Saboda haka da motata ta fara zafi, ban ga dalilin kai ta gareji ba.

Ciwon nata yana da tsari. In ina gudu a babban titi, allurar zafi tana zaune a tsakiya lafiya lau. Da zarar na shiga cunkoson shataletalen kasuwa, inda ake tafiyar hawainiya, sai ta fara hawa har ta taɓo ja. Na shaida wa matata cewa lagireto ne ya toshe. Ranar Asabar na kwance tiyo na wanke shi, na jiƙa tsakar gida da wandona. Ranar Litinin allura ta hau. Na ce murfin lagireton ne, na sayo sabo. Ta sake hawa. Matata ta kawo maganar bakanike sau biyu, na ce mata gyaran mota lissafi ne, ba ƙarfin hannu ba.

Ranar da asirina ya tonu, ni da matata mun ɗauko surukata daga asibitin ido da tsakar rana. Muna shiga cunkoson allura ta kama hanyarta. Na san in aka kunna hita tana janye zafi daga injin, don haka na murɗa ta har ƙarshe, na sauke gilasai. Iska mai zafi ta cika motar kamar an buɗe bakin tanda. Surukata mace ce mai kawaici. Ta daɗe tana fifita da katin asibiti kafin ta yi magana.

"Ɗana, ko in sauka in taka? Likita ma ya ce in riƙa motsa ƙafa."

Ban kai ga ba ta amsa ba tururi ya taso daga ƙarƙashin bonet. Na kashe motar, masu bayana suka dame ni da hon. Wasu masu dako suka taya ni tura ta zuwa wani gareji da ke gefen hanya, ni ina riƙe da sitiyari ta taga, matan biyu suna biye da mu a ƙasa.

Mai garejin ya fito yana goge hannu da tsumma, ya ƙura mini ido, sai ya rusuna ya gaishe ni. Tsohon ɗalibina ne, wanda 'yan aji suke kira Na-Baya saboda kujerar da yake zama. Yanzu ya yi tumbi da gemu. Na tuna sarai na taɓa rubuta a takardar sakamakonsa cewa ba ya sauraro.

Ya sa aka kawo wa matan benci a inuwa. Ni kuwa na tsaya na zayyana masa abin da nake zargi, daga famfon ruwa har gaskit, shimfiɗar da ke raba ruwa da mai a cikin injin, ya bar ni na kai aya. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko tana zafi in ina gudu. Na ce a'a. Ya ce mu jira ta huce, ya kuma janye hannuna a hankali da na kai shi kan murfin lagireto.

Da ta huce ya cika ruwa, ya tada injin, muka tsaya a kanta bonet a buɗe. Allura ta wuce tsakiya.

"Malam, me kake ji?"

"Ƙarar injin mana."

"To me ba ka ji ba?"

Na kasa kunne, na leƙa. Fankar da ke bayan lagireto tana tsaye cik. Ya bayyana mini cikin ladabi cewa in mota na gudu iskar hanya ce ke sanyaya ruwan, in ta tsaya kuma aikin ya koma kan fanka. Na gyaɗa kai. Na sha zana irin wannan a allo da alli mai launi.

Ya kashe injin, ya haɗa fankar da batir kai tsaye da guntuwar waya, ta juya fir. Lafiyarta ƙalau ke nan, wuta ce ba ta isa gare ta. Ya buɗe akwatin fis, 'yan abubuwan nan da wutar kowace na'ura ke bi ta cikinsu, ya nuna mini wani gurbi fayau, ya tambaya ko wani ya taɓa wurin.

Nan take na tuna. Wata guda da ya wuce rediyon motar ya mutu, na gano fis ɗinsa ne ya ƙone. Na duba akwatin, na zaɓi wani mai babbar lamba da na yanke hukuncin ajiya ne, na cusa wa rediyon. Har na yi kwana uku ina ba malaman makarantarmu labarin gyaran.

Na buɗe baki zan ɗora wa mai wankin mota laifin, sai matata ta taso daga benci.

"Baban yara, ba kai ne ka ciro wani ɗan kore a nan ba? Ai ni na riƙe maka murfin akwatin."

Na-Baya ya sunkuyar da kai cikin injin, ya daɗe a can, kafaɗunsa suna motsi. Da ya ɗago fuskarsa a daidaice take. Ya mayar wa fanka fis ɗinta, ya sa wa rediyo ƙarami daidai da shi, ya zaro sandar auna man injin ya duba, ya ce na yi sa'a ruwa bai shiga man ba, gaskit bai ƙone ba. Muka sake tada motar. Allura na kaiwa tsakiya fanka ta kama da kanta, allurar ta tsaya a nan.

Mun koma gida ta cikin cunkoson nan dai, babu hita. Surukata ta tambayi 'yarta ko da gaske ɗalibina ne mutumin. Da aka ce mata e, sai ta ce lallai na iya koyarwa. Na yi gyaran murya, na ce dama tun yana aji na ga alamar zai yi nisa. Matata ta juya fuskarta wajen taga.