Gwiwar Tela

Tun da Babban Likita ya dawo daga wani ɗan kwas da matuƙa jirgin sama suka yi wa likitocin tiyata ake ce masa Kyaftin a bayan idonsa. Ya ji, bai hana ba.

Tsarabarsa doka ɗaya ce. A jirgi, in ji shi, ko mataimaki ne ya ga kuskure zai ce "tsaya", kuma dole a tsaya. To haka za a riƙa yi a ɗakin tiyatarsa. Kowa ya ce madalla. Aka yi ta aiki, ba wanda ya taɓa tsayar da shi. Abin ya fara ci masa rai, ya ce bari ya gwada su.

Ran nan aka shigo da wani tela, gwiwar hagu za a yi wa aiki. Kafin allura ta ɗauke shi sai da ya ce, "Likita, a bar mini ta dama, da ita nake taka keke."

Kyaftin ya zagaya da gangan ya tsaya kan ta dama. Yana shafa mata aidin, jan maganin nan na tsabtace fata, yana satar kallon ma'aikatansa. Sista ta gyara masa fitila. Ƙaramin likita ya tallafe ƙafar don ya ji daɗin aiki. Mai allurar barci ya ƙura wa injinsa ido kamar yau ya fara ganinsa.

"Akwai mai magana?"

"Babu, ranka ya daɗe. Allah ya ba da sa'a."

"Wuƙa."

Sista ta ɗora masa a tafin hannu.

Ga wuƙa, ga lafiyayyar gwiwa, gumi na bin ƙeyarsa. Ya jira. Ya yi gyaran murya, ya ƙara jira.

"Tsaya," in ji Kyaftin da kansa, can ƙasan maƙoshi.

Kowa ya yi ajiyar zuciya.

"Gaskiya, Likita, dokar nan taka tana aiki," in ji Sista.

"Ba ku ga ba ita ba ce?"

"Mun gani mana," in ji ƙaramin likita. "Na ɗauka a jirgi ta nan ake farawa."

Aka yi wa ta hagu aiki. Da tela ya farka ya ga ta dama ta yi jawur, ya tambaya. Sista ta ce ai haka Likita yake, har wadda ba ta ciwo sai ya duba. Tela ya yi ta sa masa albarka.