Kwalbar Mutum Goma

Da rana tsaka aka ga Elda Gershon da ƙoƙon burkutu a baki, a tsakar gidansa, matar fasto tana zaune a gabansa. Ba sharri aka yi masa ba. Ya sha.

Gershon manomin citta ne a wani ƙauye da ke bayan Nok. Shekararsa hamsin da biyu, dattijo ne a ikilisiya, kuma shekara ashirin rabonsa da giya. Shi ke riƙe da uwarsa, Mama Keziya. Shi ke ba ta maganin hawan jini safe da yamma, shi ke shafa mata man zafi a gwiwa, don matarsa ta daɗe da sallama wa bakin tsohuwar.

Da allurar korona ta iso, ya hau babur ya je Kafanchan aka yi masa. Ya dawo ya ce saura Mama. Ta ce ba ta san zancen ba.

"Mama, ciwon nan tsofaffi yake ɗauka."

"To ya zo ya ɗauka mana. Kai shekara nawa kake so in kai? Ubanka yana can yana jirana."

Gershon bai iya lallashi ba. Magana ɗaya gare shi, in ba a ji ba sai ya ƙara mata ƙarfi. Ya yi ta ɗaga murya har kaji suka watse, ita kuwa ta juya masa baya ta ci gaba da ɓare gyaɗarta. Wata biyu suna haka.

Sai autar Mama, Doreen, ta haihu a Abuja bayan shekara goma sha huɗu da aure. Namiji, bakwaini, ɗan mitsitsi. Mijinta Justin ya bugo waya ya ce nan da sati uku zai aiko mota a ɗauko Mama ta zo ta gasa wa 'yarta jiki. Amma likita ya ce duk wanda ba a yi wa allura ba kada ya kusanci yaron. Justin ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ba raini ba ne. In babu katin allura, direba ba zai ɗauke ta ba."

A wannan karon Gershon bai yi ihu ba. Hoton jaririn kawai ya buɗe ya miƙa mata wayar. Tsohuwa ta kawo wayar dab da ido, ta kai ta nesa, ta sake kawowa. Sai ta rangaɗa guɗa, ta miƙe ba sanda, tana taka rawa da gwiwar da kullum take cewa ta mutu.

"Hancin babansu ne! Yesu na gode! Gershon, ina allurar? Ka ce su kawo biyu!"

Nan wahala ta fara. Sau biyu yana goya ta a babur zuwa ƙaramin asibitin yankin, sau biyu suna wuni a benci su dawo hannu ba huda. Nas ɗin wurin, Sista Faustina, ta nuna masa wata 'yar kwalba da ba ta kai babban yatsa ba. Ta ce ta mutum goma ce. In aka fasa, cikin 'yan awoyi sai a zubar da abin da ya rage, kuma ita za a tuhuma. Ba ta fasawa sai ta ga kai goma. Ranar farko mutum uku suka zo, rana ta biyu huɗu.

Ta ce, "Elda, ranar Juma'a za a zo a kwashe ragowar, ban san ranar da za a kawo wata ba. Ka tara mini tsofaffi goma a gidanka ranar Alhamis, ni da kaina zan zo da ita a kula, akwatin ƙanƙara."

Gershon ya buga ƙirji ya ce goma kaɗan ne.

Ranar Talata ya bi Mama zuwa taron zumuntar mata. Ya fara bayani, wata ta katse shi ta ce an ce cokali yana mannewa a inda aka yi allurar. Sai ya naɗe hannun riga ya ce a kawo cokali. Aka ɗora, ya faɗi. Aka sake ɗorawa, ya sake faɗi. Wata ta ce a gwada ludayin ƙarfe. Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Sauran aikin Mama Keziya ce ta yi, tana zagayawa da hoton jikanta tana cewa duk mai ƙaunarta ta ba ta aron hannu ɗaya. Mata biyar suka yarda, har da Mama Afiniki matar fasto. Da Mama, shida.

Saura huɗu. Maza masu ƙarfi duk suna gonar citta, ciyawa ta taso, ba mai ba da wuni guda. Tsofaffin da ke zaune ba aiki su ne Kawu Kumai, yayan Mama Keziya, da abokansa uku, waɗanda ke wuni a gindin ɗorawa. Su huɗun ba sa taka coci sai ranar jana'iza.

Gershon ya durƙusa ya gaishe su, ya faɗi abin da ya kawo shi. Kawu Kumai ya zame riga ya nuna masa tsohon tabo a damtse.

"Ka ga lamban nan? Tun ina yaro aka tsaga mini shi. Agana ta zo ta wuce, ban ko yi atishawa ba."

"Kawu, wannan na agana ne. Wanda ake yi yanzu na wani ciwo ne daban."

"Ciwon masu hawa jirgi. Ni ko Jos ban taɓa zuwa ba."

"Amma jikokinka suna zuwa daga Kaduna kowane wata, suna ci kwano ɗaya da kai. Kuma kana tari tun bara, ina jin ka daga gidana."

Tsohon ya kalle shi sama da ƙasa. Sai ya ce, "Ɗan Keziya, faɗi gaskiya. Tarina ne ya kawo ka, ko lissafinka ne bai cika ba?"

Gershon ba ya ƙarya. Ya ce duka biyun, amma lissafin ya fi yawa.

Kawu Kumai ya tafa hannu. "Yauwa! Ashe gayya kake kira. Aikin uwarka ya fi ƙarfinka, kana neman hannun maza. To a garin nan ba a taɓa kiran maza gayya babu tulu ba."

"Zan dama kunu, Kawu. Zan yanka ɗan alade."

"Aladen mun karɓa. Kunun ka ba matan zumunta."

Gershon ya tashi yana huci. Amma kafin ya kai gida ya karkata ta bayan gari, wurin Stella mai dafa burkutu. Ya ce ta kai tulu ɗaya bayan rumbunsa ranar Alhamis da sassafe, ta rufe da buhu. Dabararsa ita ce a yi allura, mata su watse, tsofaffi su ɗauki kayansu su koma gindin ɗorawa. Shi ba zai taɓa ba, ba zai ko sansana ba.

Ranar Alhamis gidan ya zama kamar ana biki. Matan zumunta suka zo da zanen anko, da kacau-kacau da ganga, suna waƙar godiya. Mama Keziya ta sha ɗankwali sabo, har ta ɗaure kayan tafiya Abuja ta ajiye a bakin ƙofa, tafiyar da saura sati biyu. Naman alade yana ƙamshi. Can sai ga tsofaffin huɗu a jere, Kawu Kumai a gaba da hular sojan da ba wanda ya san inda ya samo ta. Gershon ya ƙirga, ya sake ƙirgawa da yatsa. Goma cif! Mutumin da ko a bikin 'yarsa Hellen bai yi rawa ba, ranar sai da ya ɗaga ƙafa.

Wajen sha biyu babur ya sauke Sista Faustina, taɓo har gwiwa, kula a cinya. Mata suka tarbe ta da guɗa. Ta shimfiɗa katuna a tebur, ta wanke hannu, ta fito da kwalbar. Ta ce, "Masu yi su ɗaga hannu in gani kafin in fasa."

Hannu shida suka tashi. Tsofaffin maza suna zaune kamar an dasa su.

Kawu Kumai ya ce, "Ina tulun?"

Gershon ya matso ya sunkuya a kunnensa. "Kawu, yana bayan rumbu. Ka rufa mini asiri, in an gama ku ɗauka."

Tsohon kuwa kunnensa ya yi nauyi, shi ya sa ba ya magana a hankali. "Bayan rumbu? Wane irin gayya ne wannan? Tulun gayya a bakin gona ake ajiye shi, kowa ya gani. Mai gayya ya fara kurɓa a gabanmu, mu san abin da ke ciki lafiyayye ne, sa'an nan a rufe a shiga aiki. Haka ubanka ya yi, haka kakanka ya yi. Kai da za ka sa a zuba mana abin da ba mu sani ba a jiki, naka tulun ma ba za ka ɗanɗana ba?"

Ganga ta tsaya. Mama Afiniki ta dubi Gershon ta ce, "Baba Hellen, wane tulu ake magana?"

Kafin ta rufe baki, biyu daga cikin tsofaffin sun riga sun zagaya sun kinkimo shi. Suka dire a tsakar gida, kumfa na tsattsafowa ta bakin. Warin ya gaya wa kowa sauran labarin.

Sista Faustina ta duba agogo. Ta ce ƙanƙarar kula tana narkewa, kuma akwai wani ƙauye a gaba da suka ce sun kusa cika goma. "Elda, minti biyar. In shida ne, zan mayar da ita."

Gershon ya leƙa waje. Babu kowa a hanya sai awaki. Gonaki suna da nisa, ko da babur ba zai dawo da mutum huɗu a minti biyar ba. Ya roƙi Kawu ya bar wani ya kurɓa a madadinsa. Kawu ya ce mai gayya ɗaya ne. Mama Afiniki ta miƙe ta ce, "Baba Hellen, kai dattijon ikilisiya ne. Ka san abin da zai biyo baya. Kada ka yi."

Ya sani sarai. Da bakinsa ya sha yanke wa wasu hukuncin.

Ya juya wajen uwarsa. Ita ba ta ce yi ba, ba ta ce bari ba. Ta dai riga ta zame hannun rigarta tun ɗazu, ta miƙa siririn damtsenta wajen tebur, kuma har yanzu ba ta sauke ba.

Gershon ya ce, "Ba ni ƙoƙon."

Ya ɗiba, ya rufe ido, ya kurɓa. Tsami ya doke shi har ƙeya. Ya haɗiye, ya kife ƙoƙon a bakin tulu ya ce, "Sista, fasa!"

Kawu Kumai ya ƙyalƙyale da dariya, ya cire hular soja, ya ce shi ne babba, shi za a fara yi wa, kuma a yi kusa da tsohon lamban don su gaisa. Allura ta shiga ta fita yana jiran a fara. "An gama? Wannan ne ake ta gudu? Cinnaka ma ya fi shi zafi!" Abokansa suka hau ture juna kowa na son ya riga. Mama Keziya ce ta biyar. Da aka miƙa mata katinta ta sumbace shi, ta ɗaga sama, ta saki guɗar da aka ji har rafi. Ganga ta dawo. Mama Afiniki ma ta ba da hannu aka yi mata, amma ba ta kalli Gershon ba, naman ma ba ta ci ba.

Sista ta zaunar da su rabin awa tana duba su, ta ce wanda ya ji zazzaɓi ko ciwon hannu kada ya tsorata, kuma akwai ta biyu nan gaba. Ta gargaɗi tsofaffin su bar tulun nan ya kwana. Kawu Kumai ya ce sun ji, amma ta gaya wa Elda gayya ta biyu tulu biyu ce.

Ranar Asabar dattawan ikilisiya suka zauna da fasto. Ba a daɗe ba, don Gershon bai yi musu ba. Fasto ya tambaye shi ko gaskiya ne ya sayi giya ya kawo gidansa. Ya ce gaskiya ne. Ya sha? Ya sha. Wani dattijo mai son ya taimake shi ya ce wataƙila leɓe kawai ya taɓa. Gershon ya ce a'a, ya haɗiye.

Motar Justin ta zo a ranar da aka sa. Mama Keziya ta shiga gaba, katinta a ƙulle a bakin zane, da buhun citta da daddawa a but ɗin motar, tana ɗaga wa duk wanda aka wuce hannu.

Shi kuwa Gershon an karanta sunansa a gaban jama'a ranar Lahadi. Aka sauke shi daga dattijo, aka karɓi makullin coci da ya riƙe shekara goma sha ɗaya, aka sa shi horo na shekara guda: ba jibin Ubangiji, ba addu'a a gaban taro. Wurin zamansa bencin ƙarshe na bakin ƙofa, inda ruwa ke fesowa in ana sujada da damina.