Waken Earline

Purvis Tillman ya dire bokitin a kan teburin malamar gona, rairayi ya zubo har kan takardunta.

"Duba min nan, 'yar nan. Ki rubuta wa kwamitin maƙabarta cewa waken matata ne."

A maƙabartar cocinsu da ke cikin dajin itatuwan fain na arewacin Florida, ba a barin ko tsinken ciyawa a kan kabari. Kankare shi ake yi ƙal, sai farin rairayi. Gobe Asabar ce ranar kankara, kuma Odessa Gaskins, shugabar kwamiti, ta riga ta wasa fartanya saboda yaɗon da ya lulluɓe kabarin Earline, matar Purvis. Purvis kuwa da hannunsa ya cusa irin wake a aljihun rigar da aka binne ta da ita. A wajensa, Earline ce ta yi shuka.

Malamar ta zaro yaɗon daga bokitin, ta juya shi. Ganye uku-uku, fure ɗan mitsitsi mai ruwan hoda, kwanso siriri kamar ashana.

"Baba, ba a akwatin ƙarfe aka binne ta ba?"

"Mai tsada ma."

"Ƙafa shida a ƙasa?"

"Ke dai ba ki san Earline ba."

"Waken daji ne wannan. Kunkurun rami ke cin sa, duk inda ya yi kashi kuma, nan yake tsirowa."

Purvis ya zauna jagwab, zuciyarsa ta karye. Shekara biyu ke nan yana yi wa kashin kunkuru ban ruwa, yana ba shi labarin jikoki.

"Akwai rami kusa da kabarin?" in ji malamar.

"Akwai, daidai kanta. Odessa ta ce gobe za ta toshe shi."

"Ta toshe, ta ga hukuma! Doka ta hana tona ƙasa ƙafa ashirin da biyar kewaye da ramin kunkurun nan." Ta jawo biro.

Da safe, a maƙabarta, Odessa ta karanta takardar malamar sau biyu, sannan ta auna da taku. Da'irar ta haɗiye Earline, da wani tsohon fasto, da rabin marigayi Harold, mijin Odessa.

"Wato daga ƙugu zuwa sama ne kawai zan kankare Harold?"

"Haka gwamnati ta ce."

"Shekara talatin ina wannan aiki, yau kunkuru ya fi ni! To, uban taurin kai, waken na matarka ne ko a'a?"

Sai ga kunkurun ya leƙo daga rami. Ya hau kabarin a hankali, ya tsinke fure ɗaya, yana taunawa yana kallon Odessa ba ko kunya. Purvis ya cire hula, idonsa ya ciko.

"Shekara arba'in iri kawai Earline ke miƙo min, ni ke duƙawa," in ji shi. "Yanzu ta sami wani ɗan aiken."

Ya ɗauki bokiti ya nufi famfo.