Saiwar da Baba Okey Ya Aike Ni Nema

"Wannan ma ba ita ba ce," in ji maƙwabcina Baba Okey, ya wurgo min saiwar a cinya. "Vonda, hancin nan naki na ado ne? Sansana mana!"

Na sansana. Ƙasa kawai na ji.

Karo na uku ke nan ina hawa tudun bayan gidajenmu da fartanya ina nema masa sifignet, wata saiwar magani 'yar uwar jinsen, da ke fitowa a inuwar kwari. Shekara arba'in yana tono ta da kaka, ya dafa da zuma, ya raba wa duk mai tari a layinmu. 'Ya'yanta kuwa, marigayiya matarsa takan dafa su da sukari mu shafa a burodi. Yanzu ƙurar ramin kwal ta cinye masa huhu. Daga gado zuwa baranda sai ya huta sau biyu, yana jan tulun iskar numfashi.

"Ganyenta faffaɗa ne," in ji shi. "Ki duba da kyau. Tana ƙarƙashin dutsen da ya tsage."

"Baba, duwatsun nan ai duk a tsage suke."

Ya fara dariya, tari ya ƙwace ta. Na riƙe masa kafaɗa har ya lafa.

Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa duba shi ta ja ni gefe. "Kin san saiwa ba za ta yi masa komai ba ko?"

"Na sani. Shi ma ya sani."

Ran Alhamis na karya wata saiwa mai kauri, ƙamshi ya daki hancina. Da gudu na sauko, gwiwa duk taɓo. Na wanke, na yayyanka, na dafa da zuma har gidan ya ɗauka.

Lokacin ko zama ba ya iyawa. Na kai masa cokali bakin hanci. Ya ja, ya sake ja.

"Ba na jin komai, 'yar nan. Robar iskar nan ta kashe min hanci. Ita ce?"

"Ina jin ita ce."

"Kina ji." Ya lumshe ido. "To, shi ke nan."

Na ɗiga masa a leɓe, ya gangaro ta gefen gemu.

Da hantsin Asabar ya cika, kafin 'yarsa ta iso daga jihar Ohio. Na kashe injin iskar, na buɗe taga. A kan tebur, ƙudan zuma biyu na zagaya bakin cokalin.