Aladen da Baba Yake Kiwata Mini

Ranar Laraba, lokacin hutun cin abinci, na zauna a kan benci a bayan ofishinmu da ke Southwest, a Amerika, na kira Baba ta bidiyo. Shekarata huɗu ban taka garinmu Vom ba.

"Mamana!" in ji shi. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa Selina na ci. "Tsaya ki ga naki."

Ya juya wayar. Wani jibgegen alade na kwance a jikin katanga. Tun da na ce zan zo Kirsimeti Baba ya ware shi. A gidanmu duk aladen da aka yanka, hantar tawa ce; shi da kansa yake gasa mini.

Sai na ga abin da yake zuba masa a kwami: masarar da ruwa ya daka a rumbu, duk ta yi kore-kore da funfuna. A wajenmu ba a zubar da hatsi. Mai kyau na mutane, lalatacce na aladu.

Aikina ke nan a nan, auna gubar funfuna a abincin dabbobi. Na san inda take taruwa a jikin alade: hanta da ƙoda. Na sha rubuta wa manoman da ban taɓa gani ba cewa su zubar da irin wannan masara. Amma Baba ban taɓa gyara masa magana ba.

"Kin yi shiru. Bai yi miki ƙiba ba ne?"

"Ya yi, Baba." Na dubi takalmina. "Masarar nan ce. Akwai guba a cikinta, kuma tana zama a hanta. In ya ci gaba da cinta, ba zan iya ci ba. Ku ma bai kamata ku ci ba."

Ina jin kajinmu, da muryar Mama daga kicin tana faɗa da wani.

"Shekara talatin ina kiwo, yau 'yar Amerika za ta koya mini," in ji Baba.

"Yi haƙuri, Baba."

"Haƙurin me?" Ya sunkuya, ya janye kwamin daga bakin aladen, aladen ya hau ihu. "Saura mako tara. Zai isa ta fita daga jikinsa?"

"Zai isa."

"To, faɗa mini abin da zan ba shi. A hankali, kin san ba na jin Turancinku."