Kabewar da Gwaggo Delu Ta Dafa

Damina uku na yi ina auren kabewa a filin bayan gidanmu da ke Malali. Haka Gwaggo Delu, yayar babana, take kiran aikin. Da la'asar in ɗaure bakin furen da zare don kada ƙudan zuma ya shiga, da asuba in ɗebi garin namijin fure in shafa wa macen.

"Mardiyya, yau 'yar wa aka kai ɗaki?" take tambaya daga madafi.

"'Yar Zamfara, Gwaggo. Angon Bakatsine ne."

Gaskiya na faɗa mata. Direbobin tashar Mando ne suka kawo mini iri goma sha ɗaya daga garuruwansu. Na Zamfara yana zuba 'ya'ya da yawa amma ƙanana, na Katsina kuwa ƙato ne mai tsoka da dogon wuya, sai dai gindi ɗaya ba ya wuce biyu. Ni ina son gindin da zai haɗa duka, kuma a kansa zan rubuta kundin digirina na biyu. 'Yan ajinmu sun zaɓi masara, sun gama tun bara. Na ce su je, ni ba na gudun kabewa.

A damina ta uku na samu gindi mai 'ya'ya takwas, kowanne ya fi kilo huɗu. Guda ɗaya tak daga cikinsu na haɗa da hannuna, don haka irinta ne kaɗai na amince da shi. Na ajiye ta ƙarƙashin gadona ta ƙara ƙosawa.

Ranar sunan jikar Gwaggo na dawo daga makaranta, ƙamshin miyar taushe ya tare ni tun daga zaure. Na leƙa ƙarƙashin gado, babu komai.

"Gwaggo, ina kabewata?"

"Tana cikinki in kin ci tuwo. Uku muka sayo a kasuwa ba su isa ba. Kowa sai santi yake, 'yar boko, aikinki ya yi kyau."

"'Ya'yan fa?"

"Wa ke zubar da iri? Ga su can a faifai."

Suna nan kuwa, an wanke su tas an shanya, nawa da na kasuwa duk a haɗe. Ita a wurinta alheri ta yi mini, ta ƙara mini iri. Ban yi kuka ba. Na zauna na ƙirga, ɗari takwas da sittin.

Malamina ya ce in koma baya da shekara biyu, in sake daga iyayen. Na ce a'a, duka zan shuka, ganye da 'ya'ya za su nuna mini nawa. Ya tambayi inda zan sami fili. Ban sani ba a lokacin.

Gwaggo ba ta ba ni haƙuri ba, ba halinta ba ne. Amma da ruwan farko ya sauka sai ta yafa mayafi ta ce in ɗauko buhun irin. Gida-gida muka bi, Gwaggo na magana, muka fara da na maƙwabciyarmu Harira.

"Harira, bayan ɗakin nan naki me yake yi in ban da tara sauro? Ba yarinyar nan ta shuka."

Gida talatin da biyu suka karɓa. Kullum da safe nake zagaya su da littafi da ma'auni, takalmina biyu suka tsinke. Awaki sun cinye na gida huɗu. Ganyen nawa yana da farin zane kamar an yayyafa masa nono, don haka a mako na uku na tuge duk masu kore zalla. Sauran na ci gaba da ɗaure musu fure ina jira, domin ɗaya daga cikin na kasuwar ma mai zanen ce.

A watan Satumba Harira ta aiko a kira ni. Wani gindi ya bi katanga ya haye rufin madafinta. Na taka turmi na leƙa. Ɗaya, biyu, har tara, manya masu wuyan nan na 'yar Katsina. Na sake ƙirgawa da ƙarfi don kowa ya ji.

"Naki ne?" in ji Harira.

"Nawa ne, Yaya Harira. Har ya fi uwarsa."

"To barka. Sai ki zo ki sauke 'ya'yanki, kwanon rufina ya fara lotsawa."