Tsuntsun Kawu Badamasi

Shekara uku bayan Dahomey ta sami 'yanci, idanun Malam Badamasi suka rufe. Ɗan ƙanwarsa Baƙo, mahauci a Parakou, ya je Djougou ya ɗauko shi, ya sauke shi a gidansa na unguwar Ganou. Tsohon bai zo da komai ba sai buzu da buta da keji. A cikin kejin akwai ɗan tsuntsu mai launin toka da wani Bafulatani ya kawo masa daga arewa. Da kukansa yake gane gari ya waye.

Ran nan Baƙo ya zuba wa tsuntsun ruwa, ya mance bai rufe ƙofa ba. Tsuntsu ya fice, ya saje da garken gwara masu tsince a gindin rumbu. Kwana biyu tsohon bai ci abin kirki ba.

Baƙo ya kafa tarkon ƙwarya, ya kama guda biyar. Ya ɗaɗɗaga su a tafin hannu, ya lallatsa ƙirjinsu yadda yake wa raguna a kara, kasuwar dabbobi, ya zaɓi wanda ya fi tsoka.

"Kawu, ga shi. Har ƙiba ya yi."

Malam Badamasi ya shafa tsuntsun, sai dariya ta ƙwace masa. "Kai Baƙo, miya na ce za a yi? Wannan ai gwara ce. Sake ta."

"Duk toka-toka ne fa, Kawu."

"A idonka ba. Nawa ƙarami ne, bai kai ta nauyi ba. In ya tashi za ka ga fari a gindin wutsiyarsa. Gwara cik-cik take yi, sau biyu ta yi shiru, kamar mai taya goro ba ya da niyyar saye. Shi kuwa in ya ɗauko waƙa, sai numfashinka ya ƙare bai dire ba. Kuma ba ya cin dawa. Nemo acca."

Washegari Baƙo bai je kara ba. Ya rataye kejin a reshen mangwaro, ƙofa a buɗe, ya zuba acca, suka zauna a tabarma. Gwara suka cika gidan da hayaniya. Sau biyu Baƙo yana zabura, tsohon yana danne masa gwiwa.

Da hantsi ya ɗaga, sai wata siririyar murya ta taso daga kan katanga, ta yi ta tafiya ba tsayawa. Tsuntsun ya tashi, Baƙo ya hango farin.

"Kawu, shi ne! In sa hannu?"

"Zauna. Ina yake yanzu?"

"Kan kejin. Yana leƙen accar."

"To, rage murya."